Ƙarfen Jiratawa a Ƙugun Ƙanena

Mu gidanmu a Tsibiri dukanci muka gada. Kakanmu kuben takobi yake ɗinkawa, mahaifinmu ya koma kan takalma da layu da kuben wuƙa, ni kuwa da na buɗe rumfa a Sabon Gari cikin Maraɗi sai na zama mai ɗinka duk abin da aka kawo, har da sirdin babur na 'yan kabu-kabu. Abu ɗaya ne bai canja ba tun daga kaka har zuwa kaina. Duk abin da ya fita daga hannunmu sai mun yi masa alamar gida a bayansa, ɓangaren da ba a gani: ɗan ɗinki mai tudu da zaren fata, mai kama da sawun kaza. Mahaifinmu bai taɓa sallamar kaya babu ita ba, ni ma haka.

Ƙanena, autanmu, shi kaɗai ne bai riƙe basilla ba. Yana ƙarami mahaifinmu ya rasu, ni na ɗauko shi na kawo shi birni na sa shi lakwal, makarantar boko. A rumfata ya yi karatunsa, kan tarin fatu, yana toshe hanci. Da ya girma ya shiga aikin ɗan sanda, ranar da ya fara zuwa mini da kaki na rufe rumfa na zagaya da shi layinmu kaf, har masu sayar da gawayi sai da suka gan shi. Ban taɓa ɓoye cewa ina taƙama da shi ba. Yadda yake ce mini "Yaya" kuwa, da ɗan sunkuyar da kai, ya fi mini duk wani ciniki daɗi.

Bayan wasu shekaru aka mayar da shi cikin masu aiki da farin kaya, waɗanda ke yawo cikin kasuwa da tasha ba a san ko su wane ne ba. Nan matsala ta taso. Gidan bindigar da aka ba shi a wurin aiki ƙato ne, na rataye wa a waje, idan ya saki riga a kai sai ya yi tudu kamar wanda ya saci rogo. Ya zo ya zauna ya yi mini bayani yana sosa ƙeya.

Bai yarda ya bar mini bindigar ba, kuma ban nemi ya bari ba. Na ɗora ta kan kwali na zana, na sassaƙa irinta da itace, na zaɓi fatar jar akuya wadda na daɗe ina ajiya ina jiran aikin da ya cancance ta. Na jiƙa ta, na naɗe itacen da ita, na bar ta ta bushe ta ɗauki siffa. Kuben da ya fito siriri ne, yana shiga cikin wando ta ƙugun dama, bakin bindigar da kunamarta duk a rufe. A bayansa, ɓangaren da ke kwanciya a jiki, na yi sawun kazar gidanmu, na ma ƙara masa kauri don na auta ne. Da ya saka ya saki riga, na kira maƙwabcina tela na ce ya nuna mini inda bindiga take a jikin yaron nan. Ya zagaya shi ya kasa.

Daga nan Alhamis ta zama tamu. Da la'asar zai zo ya ajiye babur, ya shiga lungun rumfa ya zare kuben ya miƙo mini, bindigar kuma ya naɗe ta a hula ya ɗora kan cinya. Ni in shafe fatar da mai, in duba ɗinki, shi ya dafa shayi. Ba wani gyara kuben ke bukata ba kowane mako, mu biyun mun sani. Amma ba wanda ya taɓa faɗa.

Sai ya yi aure a Jiratawa, wani gari kusa da Maraɗi. Matar ba ni da abin faɗa a kanta, yarinya ce mai hankali. Wanta ne matsalata. Mai walda ne, yana gyaran injunan ban ruwa na masu lambu, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Tun ranar ɗaurin aure na ji bai kwanta mini ba, kuma da za a tsare ni a ce me ya yi, ba ni da amsa. Mutum ne mai dariya da dukan jiki, kowa nasa ne, ya san sunan kowa, yana zuwa wuri sai a matsa masa. Ni kuwa ko a gidanmu sai an yi hira an kai rabi kafin a tuna ina zaune. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce mini "Babban Yaya". Na yi ta juya kalmar a hanyar dawowa. Idan akwai babba, ai akwai ƙarami ke nan, kuma na san wanda ke shirin zama shi.

Alhamis ta fara tsallake. Yau aiki, gobe an aike shi, jibi matar tana son a kai ta gida. Na ci gaba da sayen sukari kamar kullum. Wata Alhamis cikin bazara ya zo, zafi kamar a kwanta a mutu, ya faɗa kan benci ya jingina ta dama. Nan na lura. Shekara da shekaru bai taɓa jingina ta dama ba, ɓangaren da kuben yake.

Na miƙa hannu na ce, "Kawo shi in gani."

Ya ce, "Na baro shi gida, Yaya."

"To bindigar hwa? Ita ma gida ka baro ta?"

Ya waiga, ya ɗaga gefen riga. Tana nan cikin wando, tsirara, ba kube ba komai. Wani ɗan ƙarfe ne siriri, bai fi tsawon yatsa ba, an ɗaure shi a gefen bindigar, ya lanƙwaso ya kama ɗamarar wandon kamar maƙalin biro a aljihu.

Ya ce, "Yayan Jiratawa ya yi mani shi. Ka ga ba nauyi, ba zahi, kuma ko riga mai shara-shara na sa ba a gani."

Ban ji sauran bayanin ba. "Yayan Jiratawa" kawai nake ta ji a kunnena. Na ce masa kunamar a buɗe take, ba abin da ya rufe ta, ko bakin riga na iya shiga ya ja. Ya ce ya sani, yana kiyayewa, kuma an yi magana a kai. Gaskiya na faɗa masa, har yau ina kan bakana a wannan. Amma ba tsoro ne ya sa na yi maganar ba, kishi ne, irin wanda ke sa mutum ya ji ɗacin shayi ko an cika sukari. Na ce, "Ƙarhen da anka yanko daga gwangwani shi za ya riƙe maka rai?" Ya yi dariya ya ce ba gwangwani ba ne. Ni ban yi ba.

Matata ce ta fara gane halin da nake ciki. Na dawo gida ina faɗa kan miya, ina faɗa kan yara, ta bar ni na gama sannan ta ce, "Wai kai da mai walda kuke takara? Ka je ka koyi walda mana." Na ce mata ba ta san komai ba. Ta ce ta san mutumin da ya yi kwana da kwanaki yana kiran sunan wani gari kamar garin ya ci masa bashi.

Don in nuna mata ban damu ba, sai na hau kabu-kabu na tafi Jiratawa sayen zogale, alhali ga zogale nan a bakin layinmu. Na bi ta gaban rumfar mai waldar kamar hanya ce ta biyo da ni. Ya hango ni, ya ajiye abin da yake yi, ya taho da gudu yana share hannu. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya aika aka kawo fura, ya tara maƙwabta yana ce musu ga wanda ya reni surukinsa, ga gwanin fata na Maraɗi. Da ya wulaƙanta ni da na dawo da sauƙi a zuciya. Ya nuna mini yadda yake lanƙwasa ƙarfen, ya ce ƙanena kaɗai ya yi wa, wasu abokan aikinsa sun nema ya ce sai da izinin shugabansu. Ina ta gyaɗa kai, amma idona na kan wani abu dabam. A gindin bishiyar da ke gaban rumfar akwai kujerar ƙarfe sabuwa, da ɗan murhu, da butar shayi. Butar na san ta. Ni na saya wa ƙanena ita lokacin da ya kama ɗakin kansa.

Na dawo da zogale buhu guda, matata ta kalle shi ta kalle ni. Muka yi ta cin kwaɗon zogale har yara suka fara gudun gida.

Da damina ta kama matar ƙanena ta haihu, namiji. Aka sa suna a gidanmu na Tsibiri, domin wan mahaifinmu, wanda muke kira Baba, yana nan da rai, tsoho tukuf, kuma ba a raɗa wa ɗan gidan suna sai a gabansa. Da safe aka cika ƙofar gida. Ƙanena ya fito cikin babbar riga fara da wando mai kamun ƙafa, irin wanda ake ɗaure wa da mazagi. Ya yi kyau, har na ji ƙwalla. Na san kuma yana kan aiki ko a ranar, don an ce kada ya yi nisa da waya, saboda haka na san bindigar tana jikinsa. Abin da ban tsaya na yi tunani ba, shi ma bai yi ba, shi ne wandon nan ba shi da ɗamara. A kan mazagi ya maƙala ta.

Da aka shafa fatiha ya je gaida Baba. A gidanmu ba a gaida Baba a tsaye ko a duƙe, sai ka tsuguna har ƙasa, ka zauna kan dugaduganka, ka jira ya sallame ka. Ƙanena ya tsuguna. Baba ya dafa kansa ya sa masa albarka, ya ce ya tashi. Ya yunƙura, ya ɗago kaɗan, sai na ga ya koma ya zauna da sauri, fuskarsa ta canja. Hannunsa na dama ya shige cikin riga. Ni da na san jikin yaron nan tun yana tsirara, nan take na gane. Nauyin ƙarfe ya ja mazagin ya kwance, bindigar ta sulale ta cikin ƙafar wando ta tsaya a idon sawu, inda kamun ƙafar ya tare ta. Idan ya miƙe, wando zai bi ta ƙasa a gaban surukai da malamai da dukan Tsibiri.

Baba kuwa da ya ga yaro ya ƙi tashi, sai ya ɗauka ladabi ne ya yi yawa. Daɗi ya kama shi. Ya ce wa jama'a, "Ku diba, ga shi babban ma'aikaci amma bai manta gida ba." Ya sake dafa kansa ya ɗauko addu'a tun daga kakanni. Jama'a na ta amin, ƙanena na ta zufa.

Ba zan ce ban ji daɗi ba. Na ji, har cikin ƙashi. Na ce a raina, to ga ƙarfen Jiratawa nan. Amma daɗin bai hana ni tashi ba, don bindiga ce a ƙafar ɗan'uwana cikin taro, kunamarta a buɗe. Na miƙe na nufo shi. A daidai lokacin ya ɗago kai yana neman mai ceto. Ina gabansa, bai fi taku kaɗan ba. Idonsa ya bi ta kaina ya wuce, ya sauka kan mai walda da ke can bayan malamai.

Mutumin ya taso da dariyarsa, ya tsuguna kusa da shi kamar shi ma gaisuwa ya zo, ya baza hannun rigarsa ya rufe su biyun, ya ce wa Baba angon ƙarni ya gaji ne, ƙafarsa ta yi sanyi. Ya tallafe shi suka shige zaure a hankali, ana ta yi musu dariyar ƙauna. Ba wanda ya gane. Ni na tsaya a tsakiyar fili ba dalili, har wani ya miƙo mini goro yana zaton shi na taso karɓa.

Duk da haka na koma Maraɗi da ƙarfin gwiwa. Na ce yanzu kam zai dawo. Na aika matarsa ta ba da tsohon kuben aka kawo mini, na wanke shi, na shafe shi da mai, na rataye shi inda duk mai shigowa zai gani. Na shirya abin da zan faɗa: ba gori, ba dogon zance, in miƙa masa kawai in ce shayi ya huce.

Wanda ya zo ba shi ba ne. Mai walda ne, a kan tsohon babur ɗinsa, da damin rake a baya ya kawo wa yara. Wannan karon bai yi dariya da yawa ba. Ya zauna ya ce, "Babban Yaya, ƙarhena ya ba mu kunya. Kuma maganar da ka yi ta kunama gaskiya ce, ya hwaɗa mani. Ni iyakata ƙarhe, hwata taka ce." Yana so in ɗinka ɗamara siririya mai ƙarfi wadda za a ɗaura a ƙarƙashin kowace irin riga, ko da wando mai mazagi ne, ƙarfen ya kama ta. Yana so kuma in yi ɗan murfi na fata mai tauri da zai rufe kunamar. Wato fatata ta zama jakin da zai ɗauki ƙarfensa. Na ce zan duba. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya juyo.

"Don Allah ta dama ɗin ka sa mata laushi daga ciki, kada a yi ɗinki wurin. Saboda wurin nan nashi."

Na ce, "Wane wuri?"

Ya dube ni. Da alama sai a lokacin ya gane ban sani ba. Ya ce in tambayi ƙanena da kaina, ya hau babur ya tafi.

Ranar Alhamis ƙanena ya zo awo. Na ja shi lungun rumfa, na ɗauko igiyar awo na ce ya ɗaga riga. Ya ɗaga kaɗan. Na ce ya ɗaga sosai, ya sassauta wando. Ya yi jinkiri, sannan ya yi. A ƙugunsa na dama fatar ta yi baƙi ta yi kauri, faɗin tafin hannu, irin tabon da ya sha warkewa yana sake buɗewa. A tsakiyar baƙin, ya shiga cikin nama sosai, ga sawun kaza. Ba sai an gaya mini hannun wa ba ne. Na ɗora yatsa a kai, ya ɗan janye.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun bazarar hwarko. In zuhwa ta jiƙa shi sai ɗinkin ya riƙa ci na. Ya warke yanzu, Yaya."

Na tuna duk Alhamis ɗin da ya shiga lungun nan shi kaɗai ya zare kuben, ya fito ya miƙo mini yana murmushi, ni kuma ina shafa mai a kan ɗinkin nan don ya ƙara daɗewa.

"Mi ya hana ka hwaɗa mani? Zare ne, da na warware shi nan take."

Ya sunkuyar da kai yadda ya saba. "Alamar mahaihinmu ce. Kuma na ga yadda ka yi murna ranar da ka kira tela."

"Amma shi ka hwaɗa mashi."

Ya ce a hankali, "Shi ba ni jin nauyinshi, Yaya."

Na san girmamawa yake nufi. Na san a wurinsa babbar magana ya faɗa mini, wadda ya kamata in ji daɗinta. Na duƙa na zagaya igiyar a ƙugunsa, na kauce wa tabon, na sa alama da farce.

Na ɗinka ɗamarar da sauran fatar jar akuyar nan, na yi murfin, na sa laushi ta ciki. Shi ne kaya na farko da ya fita daga gidanmu babu sawun kaza a bayansa. Har yau ita yake ɗaurawa, ƙarfen Jiratawa a maƙale a jikinta, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Yana zuwa wasu Alhamis ɗin, ya gaishe ni da ladabi, ya dafa shayi a butata, ya ce komai lafiya. Tasa butar tana can gindin bishiya. Idan yana da ciwo a wani wuri yanzu, na san inda ake jin labarinsa, kuma ba a rumfata ba ne.